Bar Mitzba: Ranar da Shari'ar Yahudawa Ke Fara Lissafi da Yaro

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga bidiyon wani yaro Bayahude an ɗauke shi a kafaɗa, ana kiɗa ana jifansa da alewa, ga wani ɗan baƙin akwati an ɗaura masa a ka. Aka ce wai bikin balagarsa ne, bar mitzba. Shin kaciya ce irin tasu, ko saukar karatu? Da gaske ne daga ranar sun ɗauke shi babban mutum alhali shekararsa 13 kacal? 'Yan mata fa, ana yi musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kaciya ba ce. Yahudawa suna yi wa jariri kaciya ne a rana ta 8 da haihuwa, yaron da ka gani ya daɗe da wuce nan. Ta fuskar taro abin ya fi kusa da sauka, tunda yaro zai yi karatu a gaban manya, a sa masa albarka, a ci walima. Sai dai sauka ta wanda ya kai ƙarshen karatu ce, wannan kuwa ko yaro bai san baƙi ko ɗaya ba, ranar da ya cika shekara 13 ya zama bar mitzba. Sunan ma asali na yaron ne, daga baya ya bi bikin. Ma'anarsa "ɗan umarni", wato wanda umarnin shari'a ya hau kansa. A bakin masu fiƙihu sai mu ce ya zama mukallafi. Yarinya ana ce mata bat mitzba, ita kuma tana kai wa nan ne tana da shekara 12.

Riƙe wannan da kyau, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu Yahudawan su kansu: bikin ba ya ƙara wa yaro komai a shari'a. Marayan da ba shi da mai yanka masa ko kaza da ɗan attajirin da aka kama wa babban otal, nauyi iri ɗaya ne ke hawa kansu. Kuma da yake ranarsu daga faɗuwar rana take farawa, yaro na iya cin abincin rana yana ƙarami ya ci na dare yana baligi.

In ka buɗe Attaura kana neman inda aka ɗora balaga a kan shekara 13, ba za ka samu ba. Shekarar da take yawan ambata ita ce 20. Daga nan ake ƙidaya namiji cikin masu fita yaƙi a Littafin Ƙidaya, daga nan kuma yake biyan rabin shekel, wato kuɗin azurfa na zamanin, ga wurin ibada a Littafin Fitowa. Shekara 13 daga wajen malamai ta fito. Mishna, kundin fiƙihunsu na farko da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya a hannun Rabbi Yahuda Hanasi, ta jera matakan rayuwar namiji: yana da 5 ya fara karatun Littafi, 10 ya shiga Mishna, 13 umarni ya hau kansa, 15 ya shiga Talmud (sharhi da muhawarar malamai a kan Mishna), 18 aure, 20 neman na kansa. Amma inda maganar ta zama hukunci sosai shi ne babin bakance. Yarinya 'yar shekara 11 da kwana ɗaya in ta yi bakance sai a bincike ta, shin ta san wa ta yi wa alkawarin? In ta sani, ya hau kanta. Da ta cika 12 da kwana ɗaya babu sauran bincike, maganarta magana ce. Namiji kuma ana bincikensa a 12, a daina a 13. Dubi abin da ake aunawa a nan: ko bakin mutum ya isa ya ɗaure shi. A ganina babu inda ya fi nan nuna abin da suke nufi da balaga.

A asalin hukuncin shekaru kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da alamar jiki, wato tsirowar gashi biyu a mara. To amma wa zai tsaya duba 'ya'yan mutane? Sai aka yi aiki da ƙa'idar da ake jinginawa ga Raba, malamin Babila na ƙarni na 4, cewa duk wanda ya kai shekarun a ɗauka alamar ta zo. A 'yan mas'aloli masu nauyi ne kawai ake neman tabbaci.

Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga inda hanya ta rabu da tamu. A Musulunci alama ce gaba: mafarki, haila, ciki, gashin mara. Shekaru sai in alama ta ƙi zuwa, 18 a mashhurin mazhabar Malikiyya, 15 a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya. Shi ya sa babu wata rana da uba zai nuna tun ana goyon yaro ya ce ran nan ɗana zai balaga. Sau da yawa ma yaron ne kaɗai ya san ranar, kunya kuma ba ta barinsa ya faɗa. Su da suka ɗora abin a kan shekaru, ranar sananniya ce tun daga haihuwa, har a manyan majami'u iyaye kan kama ranar shekara biyu ko uku kafin lokaci. Abin da aka san ranarsa kuwa shi ake iya yi wa gayya.

To me ke canjawa a ranar? Malamansu sun ƙidaya umarnin Attaura 613, 248 na aikatawa, 365 na hani, ko da yake da yawa sun rataya ne a kan Haikalin Ƙudus da Rumawa suka rushe a shekara ta 70, don haka ba a iya aiki da su yau. Waɗanda suka rage, irin kiyaye Asabar da dokokin abinci da addu'o'i uku na kullum, yaron gidan masu addini ya daɗe yana yin su, amma a matsayin horo, alhakin yana wuyan uba. Ɗauki azumin Yom Kippur, kimanin awa 25 ba ci ba sha. Mishna ta ce kada a sa yara su yi shi, amma a fara saba musu shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci, su riƙa jinkirta abinci na 'yan sa'o'i. Da shekarun suka cika, an gama zancen rabin yini.

Canjin da ya fi fitowa fili shi ne ƙidaya. Akwai sassan ibada da ba a yi sai baligai 10 sun hallara, abin da suke kira minyan, kamar karatun Attaura daga naɗaɗɗen littafi a bainar jama'a, da addu'ar Kadish da mai makoki ke yi bayan rasuwar nasa. A ce a wani ƙaramin gari mutum 9 sun taru da sassafe, cikinsu har da babban malami da wani da mahaifinsa ya rasu watan jiya yana son yin Kadish. Dole su zauna jira. Jiya yaron nan yana tsakiyarsu amma kamar babu shi. Yau da ya turo ƙofa an cika, sai a miƙe a fara. Malamin da ya sha Talmud mutum ɗaya ne a lissafin, shi ma mutum ɗaya ne. Daga ranar yana iya jan jama'a addu'a, yana iya yin albarkar da za ta sauke wa wasu farali, domin ƙa'idarsu ita ce wanda abu bai wajaba a kansa ba, ba ya sauke wa wanda ya wajaba a kansa. Shaidarsa ta karɓu a kotun addini, cinikinsa ya ƙullu, in ya yi ɓarna shi za a nema.

Uba ma yana da tasa kalmar a ranar, baƙo kan yi mamakinta. Bayan yaro ya gama karatu sai uban ya ce, albarka ta tabbata ga Wanda ya sauke mini hukuncin wannan yaro. Asalinta a wani tsohon tafsirinsu ne na Littafin Farawa, Bereshit Rabba, a kan ayar da ta ce tagwayen Annabi Ishaƙ, Yaƙub da Isuwa, sun yi girma. Tafsirin ya ce shekara 13 suna zuwa makaranta tare ba a gane bambancinsu, bayan nan kowa ya kama gabansa. Sai Rabbi Elazar ya ce mutum ya yi ɗawainiya da ɗansa har 13, daga nan ya faɗi wannan kalma. Wasu na jin ta kamar uba ya zare hannunsa ne. Ni ban ɗauke ta haka ba, domin Talmud ya lissafa wa uba abin da ke kansa game da ɗansa: ya yi masa kaciya, ya koya masa Attaura, ya aurar da shi, ya koya masa sana'a, wasu suka ƙara da koya masa iyo. Rabbi Yahuda ma cewa ya yi wanda bai koya wa ɗansa sana'a ba, fashi ya koya masa. Aure da sana'a duk suna gaba da shekara 13. Alhakin laifi ne ya bar wuyan uba, ciyarwa da tarbiyya suna nan daram.

Shi bikin kansa bai kai hukuncin tsufa ba, ko kusa. A zamanin Talmud abubuwan da yau ake yi wa yaro karon farko a wannan rana ba a hana ƙananan yara su ba. An yarda a kira yaro karatun Attaura cikin mutum bakwai na ranar Asabar, an kuma ce yaron da ya san yadda zai kula da tefilin, wato akwatunan da ka gani, ubansa ya saya masa. A tsakiyar zamani ne Yahudawan Jamus da arewacin Faransa suka riƙa janye waɗannan daga hannun yara suna ajiye su sai an balaga. Da aka yi haka, sai ranar farko ta zama abin kallo. Za ka gane haka in ka dubi Yahudawan Yaman, da ba su janye ba. A wajensu ƙaramin yaro yakan hau ya karanta kashi na shida tun bai kai ko'ina ba, saboda haka cika 13 bai zama wani gagarumin sha'ani a al'adarsu ta dā ba. A Maroko kuwa da sunan tefilin ake kiran bikin, don ɗaura su ne babban abin, wasu ma sukan yi wa yaro mai ƙwazo kafin ya kai 13.

Walimar fa, da wace hujja? Nan ne wurin da na fi so a duk maganar. A ƙarni na 16 wani babban malamin Poland, Rabbi Shlomo Luriya, ya yanke cewa cin abincin bar mitzba walima ce ta ibada, ya kafa hujja da labarin Rab Yosef a Talmud. Rab Yosef makaho ne, malamai kuma sun yi saɓani ko umarnin shari'a yana hawa kan makaho. Da farko ya ce duk wanda ya zo masa da labarin cewa makaho ba ya cikin waɗanda aka ɗora wa, zai yi wa malamai walima, don ga shi yana yi ba tare da an tilasta masa ba, ladansa ya fi. Sai ya ji maganar Rabbi Hanina cewa wanda aka umarta ya aikata ya fi wanda ya aikata ba a umarce shi ba. Nan take ya juya, ya ce yanzu wanda ya ce masa umarni ya hau kan makaho, shi zai sa ya yi walimar. Luriya ya ce in makaho zai yi walima don kawai ya ji labarin nauyin da ke kansa tun dā, ina ga yaron da nauyin ya hau kansa yau. Masu sharhi sun ba da dalilin fifikon: mai yin ganin dama ranar da ya gaji sai ya ajiye ba wanda ya ce masa kanzil, wanda aka ɗora wa kuwa kullum yana fama da zuciyarsa da fargabar kada ya gaza. Wato murnar ta ɗaukar kaya ce. Akwai ma wata tsohuwar magana tasu cewa zuciyar mugunta tare ake haihuwar mutum da ita, zuciyar alheri sai a shekara 13 take isowa, ta tarar da abokiyar hamayyarta ta girme ta nesa ba kusa ba.

Yanzu ga akwatin da ka gani. Tefilin guda biyu ne, na hannu da na kai, na baƙar fata, masu kusurwa huɗu daidai wa daida. A ciki akwai nassosi huɗu daga Littafin Fitowa da Kubawar Shari'a, marubuci na musamman ya rubuta da hannu a kan fata. Na kai ɗaki huɗu gare shi, kowane nassi da nasa, na hannu ɗaki ɗaya. Yaro zai naɗe hannun riga, ya ɗora na hannun a kan ƙwanjin hagu yana fuskantar zuciya, in bahago ne a dama. Ya yi albarka, ya ja igiyar ta kama, ya naɗa ta sau bakwai daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Sai ya ɗora na kai daidai inda gashi ya fara, ƙullin yana ƙeya, igiyoyi biyu sun sauko ta gaba. Daga nan ya koma ya naɗa sauran igiyar sau uku a ɗan yatsan tsakiya yana karanta ayoyin Littafin Hosiya masu maganar ƙulla alkawari na har abada. Sabon shiga ko ya matse har hannu ya yi shati, ko ya sassauta igiya ta zame, shi ya sa a gidaje da yawa ake fara koya masa wata ɗaya ko biyu kafin ranar. Hujjarsu ayar da ta ce a ɗaura kalmomin su zama alama a hannu da tsakanin idanu. Ana sa su ne a addu'ar safe ta ranakun aiki, ban da Asabar da ranakun idi. Don haka bidiyon da ka gani, tunda akwai tefilin da kiɗa da mai ɗaukar hoto, ba ranar Asabar ba ce, kusan tabbas Litinin ce ko Alhamis, sauran ranakun mako da ake fito da Attaura. In kuma ka ga doguwar katangar manyan duwatsu a baya, to Katangar Yamma ce a Ƙudus, wadda Musulmi ke kira Katangar Buraƙa. Tun bayan da Isra'ila ta mamaye gabashin birnin a yaƙin 1967 ake tururuwar yin bikin a can a waɗannan ranaku biyu, da ganguna da busa ƙaho, mata kuma suna hawa kujeru suna leƙowa ta saman shingen da ya raba su da maza.

Karatun shi ne abin da ke hana yara barci. An raba Attaura kashi 54 ana bi mako mako har shekara ta zagayo, saboda haka yaro ba ya zaɓen inda zai karanta, makon haihuwarsa ne ke zaɓa masa. Wani ya dace da labarin Annabi Yusuf, wani ya faɗa kan dokokin cutar fata. Naɗaɗɗen littafin da hannu aka rubuta shi, haruffa sama da 300,000, babu wasali, babu alamar tsayawa, babu alamar rerawa, alhali dole a karanta da wasali daidai kuma a rera. Yaro yakan shafe watanni, wani shekara guda, da wani littafin koyo mai layi biyu, gefe ɗaya da wasali da alamomi, ɗaya gefen tsirara kamar yadda zai tarar. Ranar, sai a kira shi da sunansa na Ibrananci, wane ɗan wane. Ya hau dandamali, a nuna masa inda za a fara, ya taɓa wurin da gezar mayafin addu'a ya sumbace ta, ya kama sandunan littafin biyu ya yi albarka. Ba a taɓa rubutun da yatsa, da wani ɗan tsinken azurfa mai siffar hannu ake bi. Mutum biyu na tsaye dama da hagu da bugaggen littafi suna bin sa baƙi da baƙi, kuma in ya yi kuskuren da ya canja ma'ana, kafin ma su buɗe baki dattawan sahun gaba sun ɗaga murya sun gyara, dole ya koma. Ga murya tana fashewa a wannan shekarun. Wani ya karanta kashin makon gaba ɗaya, wani 'yan ayoyin ƙarshe da haftara, wato karatu daga littattafan annabawa, wani albarkar kawai zai yi a karanta masa. Duk ya wadatar. Yana gamawa alewa ta fara sauka a kansa, fatan rayuwa mai zaƙi, ƙananan yara su yi wawaso.

Akwai kuma ɗan jawabi da yaro ke yi a kan abin da ya karanta. A wasu al'ummomin da suka fito daga gabashin Turai, yana fara magana sai jama'a su ɓarke da waƙa su katse shi. Dalilin da ake bayarwa shi ne kada a kunyata yaron da ba zai iya kai jawabi ƙarshe ba, sai aka katse kowa, mai iyawa da marar iyawa. Wannan al'ada tana burge ni. Kyauta kuma, in kuɗi ne, ana yawan ba da 18 ko ninkinsa, 36, 54, 180, don haruffan kalmar "rai" a Ibrananci lissafinsu 18 ne.

Batun 'yan mata ya fi sarƙaƙiya. Hukuncin balagarsu a 12 tsoho ne kamar na maza, bikin ne sabo. Dalili kuwa a fili yake: Mishna ta ɗauke wa mata yawancin umarnin aikatawa da aka ɗaure da lokaci, don haka a tsarin gargajiya ba sa ɗaura tefilin, ba a ƙidaya su a minyan, ba a kiransu karatu. Babu wani abin farko da za a taru a kalla. Duk da haka Rabbi Yosef Hayyim na Bagadaza, wanda ya rasu a 1909, ya ce yarinya ta sa sabuwar tufa ta yi albarkar godiya a ranar. Bikin da ake ɗauka na farko a Amurka shi ne na Judith Kaplan, ranar 18 ga Maris 1922 a New York, a majami'ar mahaifinta Rabbi Mordecai Kaplan. Ita ma ba daga naɗaɗɗen littafin ta karanta ba, daga bugagge ne, bayan maza sun gama nasu. Abin ya yi tafiyar hawainiya. Shekaru da dama a majami'un ɓangaren Konsabatib, masu tsaka-tsaki, daren Juma'a wayewar Asabar ake yi wa 'yan mata, lokacin da ba a fito da Attaura. Malaman ɓangaren sun halatta kiran mata karatu a 1955, suka halatta ƙidaya su a minyan a 1973. Yau a wajensu da wajen 'yan Rifom, masu sassauci, bikin mace da na namiji kusan ɗaya ne, da yawa ma a 13 suke yi wa duka.

A wajen Otodoks, masu riƙon gargajiya, manyan malamai sun rabu. Rabbi Moshe Feinstein a Amurka ya ɗauke shi kamar bikin zagayowar haihuwa kawai, ya ce kada a yi shi a matsayin ibada cikin majami'a. Rabbi Yehiel Weinberg ya goyi baya, yana ganin a zamanin da 'yan mata ke karatu, a yi wa ɗan'uwanta taro ita a share ta zai karya mata zuciya. Rabbi Obadiya Yosef, babban malamin Yahudawan da suka fito daga ƙasashen Larabawa, ya ce walimarta ma ta ibada ce. Galibi yau ana yi a gida ko makaranta ko ɗakin taro, yarinya ta yi jawabi a kan wani abin da ta karanta.

Saura tambayarka ta tsakiya, ko sun ɗauke shi babban mutum. A ibada, ƙwarai. A sauran rayuwa, a'a, kuma su ma ba su ce haka ba. Jerin nan na Mishna ya ajiye aure a 18, neman na kai a 20. Talmud bai yarda matashi ya sayar da filin da ya gada daga ubansa ba sai ya kai 20, don kada a ruɗe shi da 'yan kuɗi, akwai kuma maganar cewa hukuncin sama ba ya kama mutum sai a 20. A dokar ƙasar Isra'ila cikar mutum 18 ce, a nan ne ake zaɓe da shiga soja. Yaron da aka ɗauka a kafaɗa ranar Alhamis, ran Lahadi yana aji, uwarsa na yi masa faɗan aikin gida. Tsarin hawa hawa ne, aka sa nauyin ibada a matakin farko. Su kansu sun taɓa muhawara a kan ko 13 ta yi wuri. A farkon ƙarni na 19 'yan Rifom a Jamus suka kawo wani bikin tabbatar da imani, suna kwaikwayon maƙwabtansu Kiristoci, ana yi wa maza da mata a ƙungiya, daga baya aka tsayar da shi wajen shekara 15 ko 16 a lokacin idin Shabu'ot. Majami'unsu da yawa a Amurka sun ajiye bar mitzba saboda shi, amma iyaye ba su haƙura ba, a ƙarni na 20 ya dawo da ƙarfinsa.

Inda abin ya karkace, kuma malamansu sun fi kowa kuka da shi, wuri biyu ne. Ɗaya almubazzaranci. Tun a Turai ta dā shugabannin al'umma kan kafa dokar ƙayyade yawan baƙi a walima, amma a wasu unguwannin masu hali a Amurka yau bikin na gogayya da na aure, da makaɗa da masu rawa na haya. Na biyu ya fi ciwo: a gidajen da addini bai yi ƙarfi ba, yaro kan ɗauki ranar a matsayin ranar sallama daga makarantar Ibrananci, a ninke tefilin a jefa a durowa, ba za a sake ganinsa a majami'a ba sai wani dalili. Ranar da aka shirya don a fara sai ta zama ranar da aka daina. Don magance haka wasu majami'u ke sa yaro ya ɗauki wani aikin taimakon jama'a a shekarar, ko ya cire wani abu daga kyautarsa ya yi sadaka. A ƙauyukan gama kai na Isra'ila da ake kira kibbutz, inda da yawa ba masu ibada ba ne, sun ƙirƙiro nasu: ayyuka 13 da yaran shekarar za su cika, irin binciken tarihin dangi da aikin gayya.

Da kalandar Ibrananci ake lissafin shekarun, ita kuma ta wata ce da ake ƙara mata wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, sai a sami Adar na ɗaya da Adar na biyu. Wannan kan haifar da abin dariya da littattafan fiƙihunsu suka tattauna. A shekara mai ƙari, a haifi yaro ran 29 ga Adar na ɗaya, a haifi wani bayan kwana biyu, ran 1 ga Adar na biyu. In shekarar cikarsu 13 Adar ɗaya ne da ita, ƙaramin zai balaga ran 1 ga wata, babban ya jira har 29.

Kiristoci kan tambaya ko zuwan Yesu, Annabi Isa, Haikali yana ɗan shekara 12 a Linjilar Luka bar mitzba ne. Nassin ya ce Idin Ƙetarewa ne ya kai iyalin Ƙudus, bikin da muke magana kuma sai bayan ƙarnuka masu yawa ya samu.

Wanda bai sami biki ba yana yaro yakan yi daga baya in ya so, ko da yake a hukunce ya daɗe da zama bar mitzba. Tsofaffin da yaƙin duniya na biyu da kisan kiyashin 'yan Nazi suka cinye musu ƙuruciya sun yi nasu da furfura, haka Yahudawan tsohuwar Tarayyar Sobiyet da gwamnati ta hana koyon addini, haka matan da suka girma kafin a fara yi wa mata. Wasu kuma kan yi na biyu a shekara 83, bisa ayar Zabura da ta ce kwanakin mutum shekara 70 ne, sai su fara sabon lissafi daga nan su ƙara 13.